A kori jarumin ko a ɗaure masa hannu? Rigimar doka a gasar wasannin faɗa

A watan Agustan 2018, a birnin Las Vegas, aka zo karawar ƙarshe ta wasan Super Smash Bros. na na'urar Wii U a gasar EVO, wadda ita ce uwa a gasannin wasan faɗa na bidiyo. Matasa biyu suka rage, kuma kowannensu jaruma ɗaya ya ɗauka a wasan, wato Bayonetta. 'Yan kallo suka yi ta ihun ƙin amincewa, wasu ma suka tashi suka fice daga zauren. Ana cikin haka sai 'yan wasan biyu suka tsaya cak, kowa ya danne madanni ɗaya, aka shafe fiye da minti guda babu wanda ya kai wa wani hari. Sai da masu shirya gasar suka ja musu kunne kafin faɗa ya ci gaba.

Abu biyu ne suka ɓata wa mutane rai a daren, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Tsayawar da suka yi hali ne na 'yan wasa, dokar gasa ta riga ta yi masa tanadi, domin ɓata lokaci da gangan laifi ne. Ita kuwa Bayonetta ba ta taka dokar kowa ba. Laifinta ƙarfi ne kawai: in ta samu shiga sau ɗaya, tana iya ɗaukar abokin karawa da jerin duka har ta fitar da shi ta saman allo, ya rasa rai ɗaya, tun bai jigata ba. A nan ne masu shirya gasa ke rabuwa gida biyu. Wasu su ce a cire jarumin daga gasar baki ɗaya kowa ya huta. Wasu su ce a'a, a bar shi, a dai hana takamaiman dabarar da ke kawo matsala. A ido, ra'ayi na biyu ya fi kama da adalci, ni ma da can haka nake gani. Amma in aka bi tarihin abin, sai a tarar sau da yawa shi ya fi haifar da rigima.

Kafin a kai can, wanda ba ya cikin harkar ya kamata ya san cewa masu wasannin faɗa ba sa son haramci ko kaɗan, kuma suna da dalili. Jerin dukan da ake haɗawa ba tare da abokin karawa ya samu damar karewa ba, wanda a yau shi ne ƙashin bayan kowane wasan faɗa, ba da niyya aka ƙirƙire shi ba. A Street Fighter II na 1991, an sassauta yadda ake danna madannai ne don manyan hare-hare su yi sauƙin fita, sai ya zama ana iya katse wani duka da wani kafin wanda aka buga ya farfaɗo. Da a ce wani ya tashi a lokacin ya ce wannan maguɗi ne a hana, da an kashe abin tun yana jariri. Haka aka yi da kamu. A farkon shekarun 1990, a wuraren da ake buga wasan a kan injinan da ake jefa wa tsaba, akwai masu ganin cewa ka ɗan taɓa mutum sannan ka kama shi ka kayar rashin mutunci ne, har a yi cacar baki a kai. Waɗanda suka zauna suka koyi yadda ake kuɓuce wa kamun su suka zama gwanaye, masu ƙorafin kuwa aka bar su a baya.

Wannan darasin ya zauna a zukatan 'yan wasa. Shi ya sa da aka gano wata ɓaraka a Capcom vs. SNK 2 na 2001, inda za ka fara mirginawa ka katse ta cikin ƙiftawar ido da babban hari, harin ya gaji kariyar da mirginawar ke da ita, ba a hana ba. Aka ce kowa ya je ya koya. Marvel vs. Capcom 2 na 2000 yana da jarumai 56, amma a manyan gasa kusan kullum fuskoki kaɗan ake gani, su Magneto da Storm da Sentinel da Cable. Ba a kori ko ɗaya ba, kuma aka shafe shekara goma ana buga shi a babban dandamali. Abin da aka hana a wasan shi ne irin ɓarakar da ke sa Gambit ya yi tsalle ya bar allo ya ƙi dawowa. Wannan babu mai musu a kai, tunda wasan ne gaba ɗaya yake tsayawa.

Akuma na Super Street Fighter II Turbo, wanda ya fito a 1994, shi ne misalin da kowa ke kawowa in ana zancen korar jarumi. Ɓoyayyen jarumi ne, sai da wasu danne-danne na sirri ake fito da shi a wurin zaɓe. Yana jefa dunƙulen wuta daga sama yana kan iska, alhali sauran jaruman an gina su ne don wasan da babu irin wannan harin a cikinsa, don haka yawancinsu ba su da amsa. Ga shi kuma ba a iya jiƙa shi da duka har jiri ya kwashe shi kamar kowa. A Amurka aka rubuta a doka cewa ba a ɗaukarsa. A Japan kuwa an daɗe ba a bukaci rubutawa ba, manyan 'yan wasa ne kawai suka ƙi taɓa shi, na ƙasa suka ji kunyar ɗauka. Abin lura shi ne babu wanda ya tsaya ɓata lokaci yana cewa a bar Akuma amma a hana shi jefa wuta daga sama fiye da sau kaza. Ƙarfin ba a hari ɗaya yake ba, a jikinsa yake ko'ina. Sannan korarsa ba ta cuci kowa ba, domin ba a bar mutane sun shekara suna gina suna a kansa ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne inda gizo ke saƙa. Ɗan wasa na gaske ba ya ɗaukar jarumi kamar yadda ake sauya riga. Yakan shafe shekaru yana koyon tazarar kowane naushi, da abin da zai yi in ya haɗu da kowane ɗaya daga cikin sauran jaruman. Ranar da aka ce an haramta jaruminsa, an share masa wannan wahalar ke nan a dare ɗaya, kuma bai yi laifin komai ba illa ya zaɓi abin da wasan ya ba shi. Akwai kuma fargabar cewa in aka cire na ɗaya, na biyu ne zai hau kujerar, gobe a ce shi ma a cire. Wani lokaci ma ba ƙarfi ne ke jawo korar ba. A 2019 masu shirya gasa a Kudancin Ostireliya sun haramta Hero a Super Smash Bros. Ultimate, hujjarsu ita ce hare-harensa sun dogara da sa'a fiye da kima. Sauran duniya ba ta bi su ba, kuma da tafiya ta yi tafiya Hero bai mamaye komai ba.

To me zai hana a riƙa cire ƙayar kawai a bar ƙafar? Akwai inda hakan ya yi aiki. A Super Smash Bros. Melee na 2001 akwai Ice Climbers, jarumai biyu da mutum ɗaya ke sarrafawa, Popo da Nana. In Popo ya kama abokin karawa, ɗan wasan zai iya sa su riƙa dukansa bi da bi a kan wani kiɗa da ba ya sauyawa, wanda aka kama ba shi da hanyar kuɓuta sai dai in mai dukan ne ya yi kuskure. Kamu ɗaya, rai ɗaya ya tafi, a wasan da kowa ke da rai 4. An laƙaba wa dabarar sunan wani ɗan wasa, Wobbles, wanda ya zo na biyu a EVO ta 2013 da waɗannan jarumai. A 2019 manyan gasa da dama suka hana ta. Ice Climbers ba su mutu ba. Masu su suka koma wasu hanyoyin, kamar miƙa wanda aka kama daga hannun Popo zuwa na Nana, wanda ya fi wuya kuma ba ko'ina yake yiwuwa ba. Dalilin da ya sa wannan haramcin ya zauna a fili yake: dabarar tana da farko tana da ƙarshe, duk wanda ke tsaye a baya zai gane ta, kuma in an cire ta akwai sauran jarumi da ya rage. Duk da haka sai da aka zauna aka ƙayyade yawan dukan da za a iya yi a riƙo ɗaya kafin a ce an shiga haramun.

Ƙidayar nan ita ce raunin duk wata dokar hana dabara. Mutane suna mantawa da yadda babbar gasa take. A EVO ta 2023, waɗanda suka shiga Street Fighter 6 kaɗai sun haura 7,000. A zagayen farko na irin wannan taro, na'urori ne jere a dogayen tebura, mutum ɗaya na kula da rukuni guda, 'yan wasa su buga su zo su faɗa masa wanda ya ci. Babu alƙali a bayan kowace kujera. Dokar korar jarumi ba ta bukatar alƙali, a allon zaɓe ake gama magana cikin daƙiƙa ɗaya, ko ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba. Dokar hana dabara kuwa tana bukatar shaida. Wannan ya ce an yi masa, wancan ya ce hannunsa ne ya zame, wa za a gaskata? Kuma wanda ya tsayar da wasa don ya kai ƙara, a yawancin dokoki shi ke asarar zagayen in ƙarar ba ta tabbata ba.

Babu inda wannan ya fito fili kamar a labarin Meta Knight na Super Smash Bros. Brawl, wanda ya fito a kan na'urar Wii a 2008. Shi wannan komai ya haɗa: takobi mai sauri da tsawo, tsalle biyar a kan iska bayan na ƙasa, ga shawagi, ga hanyoyi da yawa na dawowa fage in an jefa shi waje. A jadawalin ƙarfi da 'yan wasa ke fitarwa, aji guda aka ware masa shi kaɗai a sama. Masu shirya gasa ba su so korarsa ba, ga tarin mutanen da suka dogara da shi, sai suka ɗauki hanyar ɗaure hannu.

Aka fara da mai sauƙi. Yana da wata ɓaraka da ke sa ya lulluɓa da mayafinsa ya ɓace, ba a ganinsa ba a taɓa shi, har iya lokacin da ya ga dama. Aka hana, babu gardama. Sai maganar gaɓar fage ta taso. A wasan, duk wanda ya kama gaɓa yana samun kariya ta ɗan lokaci. Meta Knight yana iya sakin gaɓar, ya kai sara, ya sake kamawa, kariyar ta dawo sabuwa, ya yi ta maimaitawa. In yana gaba da maki, sai ya maƙale a can har minti 8 na wasan su ƙare. Ba za a ce kada kowa ya kama gaɓa ba, tunda da ita ake dawowa fage. Sai aka sa iyaka: a wata fitacciyar doka, in lokaci ya ƙare aka duba allon sakamako aka ga Meta Knight ya kama gaɓa fiye da sau 35, ya faɗi, sauran jarumai kuma iyakarsu 50. A lura da abin da wannan ke nufi. Dokar ba ta ce maƙalewa laifi ba ne, cewa ta yi ga adadin da aka halatta maka, kuma mai wayo zai ƙirga ya ci rabonsa har ƙarshe. Da aka toshe nan, sai wasu suka koma shawagi ta ƙarƙashin fage daga wannan gefe zuwa wancan, wasu gasa suka ƙara doka a kan haka. Sannan aka zo kan fagagen kansu. Irin su Brinstar da Rainbow Cruise, inda ƙarfinsa ke ninkuwa, aka yi ta cire su daga jerin waɗanda aka yarda a buga a kai.

A nan nake ganin lissafin ya juye. An ce ba a so a cuci masu Meta Knight, amma wa ya biya kuɗin zamansa? Duk mai wani jarumi da ke jin daɗin fagen da aka cire ya yi asara. Duk wanda jaruminsa ke bukatar gaɓa don ya rayu an sa masa iyaka saboda laifin wani. Littafin doka ya yi ta kumbura, kuma bayan duk wannan Meta Knight yana nan a samansa. Gyaran gangar auzinawa ke nan. A ƙarshen 2011 wani kwamitin masu shirya gasa a Arewacin Amurka ya yanke hukuncin korarsa daga watan Janairun 2012, amma an makara. Shekara uku sun wuce, manyan 'yan wasa da yawa da shi suka yi suna, Japan ba ta da niyyar bi, gasar Apex da ke tara baƙi daga ƙasashen waje ta ci gaba da barinsa. Cikin 'yan watanni kwamitin ya watse, kowane yanki ya kama gabansa.

Don a yi wa ɗaya ɓangaren adalci, suna da abin nunawa. A Apex ta 2013, ɗan wasa Salem ya ɗauki jaruma Zero Suit Samus ya doke Mew2King da ke riƙe da Meta Knight a karawar ƙarshe. Ana iya cin sa, ba aljani ba ne. Sai dai nasarar dare ɗaya ba ta goge gaskiyar cewa an sake fasalin wasa guda don jarumi ɗaya ya samu wurin zama.

Shekara goma bayan haka aka sake maimaita zancen da Steve, jarumin wasan Minecraft da aka ƙara a Ultimate a watan Oktoban 2020. Dama ana ƙorafi a kansa, saboda yana gina katanga ya laɓe a baya yana haƙar kayan aiki. A farkon 2023 sai aka gano wata dabara da ake kira PMLG, wadda ke ba shi damar kuɓucewa daga wasu dukan da ya kamata su riƙe shi, har ya rama nan take. Wasu gasa suka hana dabarar kawai, wasu suka kori Steve ɗungurungum. Hujjar masu korar ba wai dabarar ta fi ƙarfin kowa ba ce. Cewa suka yi ba a iya ganinta da ido cikin sauƙi, abu ne da ke faruwa a ɗan ƙanƙanin ɓangare na daƙiƙa, sai an ajiye hoton wasan an koma an duba a hankali kafin a tabbatar. Gasar da ke da mutum ɗari biyar ba ta da wannan lokacin. Ko mutum bai yarda da korar ba, kuma manyan gasa da yawa sun ci gaba da barinsa, wannan hujja ce ta wanda ya taɓa riƙe takardar rukuni a hannu ana jiransa ya kira suna na gaba.

Abin da ya sa rigimar Steve ta yi zafi shi ne Nintendo, kamfanin da ke da wasan, ta riga ta rufe littafi, gyaran ƙarfin jarumai na ƙarshe da ta yi wa Ultimate a watan Disambar 2021 ne. Inda kamfani ke nan yana yi wa wasa faci, wato gyara, ta intanet, zancen haramci ba ya nisa. Leroy Smith ya shigo Tekken 7 a Disambar 2019, a watan da ya biyo baya aka yi EVO Japan, mutum 6 cikin 8 na ƙarshe da shi suka yi wasa, wanda ya ci kofin ma, Book na ƙasar Tailan, shi ya ɗauka. Aka yi surutu, Bandai Namco mai wasan ta rage masa ƙarfi, magana ta mutu. Ita ma Bayonetta haka ta ƙare, ba doka ce ta yi maganinta ba. Ultimate ya fito a Disambar 2018, wata huɗu bayan wancan daren na Las Vegas, an zare mata haƙora, kowa ya kwashe kayansa ya koma sabon wasa. Abin da ya rage a irin waɗannan wasannin shi ne ƙaramar doka da kusan kowa ya yarda da ita: jarumin da ya fito dab da gasa ba a ɗaukarsa, sai mutane sun samu lokacin nazarinsa. Faci ma yana da nasa aibin, don yana koya wa 'yan wasa kuka maimakon neman amsa, amma wannan zance ne na wata rana.

Saboda haka in aka tambaye ni, ba na fara duba wanne ya fi tausayi. Ina duba ko matsalar abu ce da za a iya yankewa a ajiye gefe jarumin ya ci gaba da numfashi, da kuma ko mutumin da ke tsaye a baya zai gan ta ba tare da an koma hoto ba. In duka biyun sun samu, a hana dabarar. In aka ga ana rubuta doka ta uku saboda jarumi ɗaya, to jarumin ne matsalar, kuma kowace shekara da aka ƙara ana jinkiri tana ƙara yawan waɗanda korar za ta cuta.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Riƙon Wobbles ya shafe shekaru masu yawa yana halal a yawancin manyan gasa, kuma Ice Climbers ba su taɓa zama jarumai mafi ƙarfi a Melee ba, Fox ne ke saman jadawali. Faifan wasan na 2001 bai sauya ba a 2019. Abin da ya sauya shi ne yawan masu kallo kai tsaye ta intanet, da masu ɗaukar nauyin gasa, da sababbin 'yan wasa da ke biyan kuɗin shiga a kama su sau huɗu a sallame su ba su taɓa komai ba. Waɗanda suka goyi bayan haramcin da yawansu ba su ɓoye ba, sun ce abin ba ya da daɗin kallo kuma ba ya da daɗin bugawa. Masu Ice Climbers suka amsa cewa ba a taɓa rubuta daɗin kallo a cikin sharuɗɗan cin gasa ba, kuma har yau akwai waɗanda ba su yafe ba.